Takardun Inna Ko-ta-kwana

A satin farko da Amarya ta tare a gidan mijinta, surukarta ta kira ta ta ce ta zo ta ga wani ɗaki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kicin, mai taga ɗaya can sama kusa da rufi. Amarya ta ɗauka tarkace za ta tarar, irin tsofaffin katifu da karyayyun kujerun da ba a rasa su a kowane gida. Da tsohuwar ta cire kwaɗon ta tura ƙofa, sai Amarya ta tsaya cak.

Jarkoki ne jere a kan katako, babu ko ɗaya da ta taɓa ƙasa. Kowace an manna mata 'yar takarda da sunan abin da ke ciki da kwanan watan da aka zuba shi: wake, shinkafa, masara. A kan wata kanta ga kwalabe cike da busasshen tumatir da barkono, ga gishiri, ga sukari, ga man girki. Ashana ma a cikin kwalba mai murfi take. A kusurwa buhun gawayi biyu da jarkokin ruwa takwas. A jikin ƙusa kuma an rataye wata leda mai kauri, cikinta takardun gida da katin asibitin kowa.

"Inna, shago za ki buɗe?" in ji Amarya.

"Shagon da ba a sayar da komai," in ji tsohuwar. "Ki riƙa duba kwanan wata. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. In kin ɗiba a gaba, ki cika a baya. Karatun yau ke nan."

Da mijinta ya dawo daga aiki ta ba shi labari, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai ba ki ga komai ba tukuna. Ba ki ji sunan da ake kiran ta da shi a layin nan ba? Inna Ko-ta-kwana."

Inna gajeriya ce, siririya, amma hannuwanta kamar na maƙeri, duk tabon ƙuna. Shekara ashirin da shida ta yi tana girki a kicin ɗin wata makarantar kwana, tana juya tukwanen da ke ciyar da 'yan mata ɗari shida. Ta kan kalli buhu sau ɗaya ta gaya maka baki nawa zai ciyar, kwana nawa, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ita ta sa wa matar ɗanta suna Amarya, kuma ba ta sauya ba har bayan ta haifi 'ya'ya huɗu. In an yi mata tsiya sai ta ce, "A wurina ba ta tsufa ba. Ni abin da na adana ba ya lalacewa."

Ɗakin ajiyar bai ba Amarya mamaki kamar rubutun ba. Kullum da hantsi, bayan an share gida, Inna za ta zauna a bakin teburin tsakar gida da littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takarda, ta ɗan fito da harshe, ta riƙa zana haruffa manya-manya ɗaya bayan ɗaya. Shafi guda ya kan ci mata safiya sukutum. Tana da shekara arba'in da uku ta shiga ajin manya ta koyi karatu, kuma har ta tsufa hannunta bai yi laushi da biro ba.

Amarya ta gama sakandare, ga rubutu mai kyau. Wata rana tausayi ya kama ta, ta ajiye ɗinkin da take yi ta ce, "Inna, ki riƙa faɗa ina rubuta miki mana. Minti biyar mun gama."

"A'a, 'yar nan. Ni kowace kalma wahala take ba ni, shi ya sa ba na sa wadda ba ta da aiki. Ke hannunki da sauri, sai ki cika mini miya da ruwa."

In ta gama shafi biyu sai ta naɗe su a gefen zane ta nufi shagon wani mai buga takardu a bakin kasuwa, wanda ake kira Tawada saboda yatsunsa ba sa rabuwa da baƙi. Shi zai buga mata a takarda guda, gaba da baya, da manyan haruffa. Sai ta bi wuraren da mata ke zaman jira: layin famfo, bencin asibitin unguwa, wurin mai niƙa. Ta miƙa wa kowa, wadda ba ta iya karatu ba ta tsaya ta karanta mata.

Rubutun nata ba shi da ado. Ga irin abin da za ka gani a ciki: "Kafin ki zuba wake a jarka, ki ciji ƙwaya ɗaya. In ta yi ƙas, ta bushe. In haƙorinki ya nutse, mayar da shi rana. Ki cika jarkar har wuya, ki toshe tam. Ƙwaro ma da iska yake rayuwa."

Mutane sun yi mata dariya ba kaɗan ba. Amarya ta sha sayen gyaɗa a ƙulle cikin takardar surukarta, ta ji kunya ta rufe ta. Akwai wata maƙwabciyarsu mai sayar da kayan miya, mai baki kamar reza, da ta tare Inna a gaban jama'a ta ce, "Inna, mu da na yau ma sai an yi da gaske, ina muka ga na ajiya? Wannan ai karatun masu hali ne."

Inna ba ta ji haushi ba. Ta ce, "In kin auno shinkafar da za ki dafa, ki cire dunƙule ɗaya ki zuba a kwalba. Wa zai gane a cikin gidanki?"

"Ba kowa."

"To bayan wata uku ki zo ki gaya mini nauyin kwalbar. Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata."

Mai kayan miya ta taɓe baki ta juya.

Abin da ya fara sauya wa Amarya tunani shi ne yadda ta lura Inna ba ta taɓa rubuta abin da ba ta gwada da hannunta ba. In aka ce mata ganye kaza yana korar ƙwari, ba za ta musa ba, ba za ta yarda ba. Za ta samo kwalabe biyu, ɗaya da ganyen, ɗaya babu, ta rubuta kwanan wata, ta jira wata shida. Akwai maganar da ta shekara biyu a kan kanta kafin ta shiga takarda. Sau ɗaya tak ta yi gaggawa, ta rubuta cewa shanyar kwana uku ta ishi masara. Da damina ta zo, masarar wani gida ta yi fumfuna a cikin jarka. Inna ta je ta gani da idonta, ta sa hannu ta shinshina, ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Washegari ta ɗauki biro ta shiga gida-gida, duk inda ta san ta ba da takardar, tana neman a fito mata da ita ta soke layin ta gyara. Kwana tara ta yi tana wannan yawo. Wasu ma sun manta inda suka jefa takardar, suna ta ba ta haƙuri, ita kuma tana ba su haƙuri.

Dalilin duk wannan, Amarya ba ta san shi ba sai a shekara ta uku, ranar da gudawa ta kama ɗanta na fari. Yaron ya yi laushi, ita kuma ta rikice sai kuka take. Inna ta shiga ɗakin ajiya ta fito da tafasasshen ruwa lita guda, ta auna sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin cokali, ta dama, ta ɗora yaron a cinya tana ba shi kaɗan-kaɗan har mijin Amarya ya samo mota aka tafi asibiti. Da la'asar suka dawo, yaro har ya fara wasa. Inna na zaune a inuwar katanga, sai ta ce Amarya ta zauna.

"Mijinki yana da ƙanwa," in ji ta. "Bai gaya miki ba, don shi ma bai tuna fuskarta ba."

Ta ba ta labarin ba tare da ta kalle ta ba. Tun tana da ƙuruciya aka yi wani tashin hankali a garin da suke zaune a lokacin, aka hana fita kwana shida. Maigidanta yana wani gari wurin aiki. Famfo ya ƙafe, kasuwa a rufe, gawayi ya ƙare a rana ta uku. A rana ta huɗu ta ɗebo ruwan wani kududdufi a bayan gidansu ta tace da ɗankwali ta ba yara, don babu abin da za ta tafasa shi da shi. Manyan biyu suka sha suka tsira. Ƙaramar, mai shekara ɗaya da rabi, ta fara gudawa, ta cika a rana ta shida, awa kaɗan kafin a buɗe hanya.

"Na ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne," in ji Inna. "Sai bayan shekara goma sha biyar, a makarantar da nake girki, na ga nas tana dama wa wata yarinya gishiri da sukari a ruwa. Na tambaye ta na mene ne, ta gaya mini. Amarya, ranar da 'yata ta rasu, da gishirin da sukarin duk suna cikin ɗakina. A kan kanta guda suke. Da na sani, da ƙofar ɗakin zan fasa in hura wuta in tafasa ruwan. Babu wanda ya taɓa gaya mini."

Ta kakkaɓe zanenta.

"A watan na shiga ajin manya. Na ce abin da na sani, ko ɗan ƙanƙani ne, ba zai mutu a cikina ba."

Daga ranar Amarya ba ta ƙara jin kunyar ganin takardar a hannun mai gyaɗa ba. Sai dai ta warware, ta miƙar da ita, ta ce wa mai gyaɗar, "Ki karanta kafin ki ƙulle ta gaba."

Shekaru suka yi ta tafiya. Takardun Inna suka kai goma sha bakwai: ta ruwa, ta hatsi, ta busar da kayan miya, ta awon abincin taro, ta abin da za a ɗauka in an ce a bar gida cikin minti goma. Babu abin da ya faru. Mutane suka saba da ita kamar yadda ake sabawa da mai shelar da ba a saurare. Idanunta kuma suka fara yana, har likita ya ce sai an yi aiki a babban asibiti da ke ƙetaren kogi. Tana da shekara sittin da takwas ɗanta ya ɗauke ta suka tafi, da niyyar kwana biyu su dawo.

Ranar da aka yi mata aikin aka fara ruwan sama. Kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa, har Inna da ɗanta suka ɗage dawowa sai ya tsagaita. Da safiyar rana ta huɗu Amarya na wanke-wanke ta ji wata ƙara kamar an kifar da babbar mota, sai ihun mutane. Gadar da ta haɗa unguwarsu da sauran gari, hanya ɗaya tilo, ta rufta. Kogi ya yi ambaliya ya cinye layukan da ke gangare har saman tagogi. Wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya. Unguwar ta koma tsibiri, ruwa mai ƙarfi ya kewaye ta, ko kwale-kwale ba ya iya ratsawa.

Kafin wayarta ta mutu, kira ɗaya ya shigo. Mijinta ne, ya ce lafiyarsu ƙalau, ga Inna. Muryar tsohuwar ta fito a natse kamar tana aiken cefane.

"Amarya, ki buɗe ɗakin. Ki fara da ruwa kafin abinci. A tara na sama a duk abin da ke da baki, kuma kada a sha sai an tafasa. Waɗanda ruwa ya kora, kada ki jira su roƙe ki."

"Inna, ni kaɗai ba zan iya ba."

"Wa ya ce ke kaɗai ce? Ki leƙa maƙwabta."

Amarya ta ajiye wayar. A ranta ta ga unguwa guda ta yi cincirindo a ƙofar gidansu, ga jarkoki 'yan ƙalilan, ta san ko kwana biyu ba za su kai ba. Ta yafa mayafi ta fita, ta fara da gidan mai kayan miya, don shi ne kusa.

Ta same ta durƙushe tana jawo wani abu daga ƙarƙashin gado. Jarka ce, cike da shinkafa har wuya. Ta jawo ta biyu, wake. Ta ɗago suka haɗa ido.

"Kada ki gaya mata," in ji mai kayan miya. "Shekara shida ina cire dunƙulen nan. In ta ji, bakina ya mutu a layin nan."

Amarya ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta wuce shagon mai aski, ta tarar da takardar ruwa manne a bayan ƙofarsa, ta yi ja don tsufa, ga durom biyu a rufe da ya ce duk wata uku yake sauya ruwansu. Gidan malamar firamare akwai gawayi da ashana a kwalba. Gidan mai gyaran babur akwai masara da gishiri. Gida bayan gida, mutanen da suka shekara suna kiran tsohuwar da sunan tsokana, kowa ya yi abin da ta ce a ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ne. A cikin gidaje sittin da ke kan tudu, sama da arba'in suna da ajiya, wani da yawa, wani kwalba uku kacal. Amarya ta tsaya a tsakiyar layi, ruwa na dukan ta. Ta tuna tsohuwa sunkuye a kan littafin 'yan firamare da harshe a waje, tana kokawa da harafi ɗaya.

Mutanen gangare, kusan ɗari biyu, aka kai su azuzuwan makarantar firamare. Mata suka kafa murhu a barandar makarantar. Da aka fara gardamar yawan abin da za a zuba, malamar firamare ta fito da takardar awon abincin taro, wadda Inna ta rubuta daga abin da ta sani a kicin ɗin makarantar kwana. Aka ba Amarya ta riƙa karantawa da ƙarfi: mutum goma, kwano kaza, yara su fara ci, kada a dafa abin da zai kwana. Maza suka jera bokitai da bahuna a ƙarƙashin indararo. Aka ware tukunya ɗaya babba ba ta aikin komai sai tafasa ruwa daga safe har yamma. Mai aski ya tsaya a kanta da ludayi kamar soja, duk wanda ya nufi ɗanyen ruwa da kofi sai ya daka masa tsawa, "Inna ta hana!"

Yara bakwai ne gudawa ta kama. Duka bakwai aka dama musu gishiri da sukari yadda takarda ta ce, duka suka tashi.

Mutum ɗaya aka rasa. Wani tsohon kafinta ne mai ciwon suga, wanda allurarsa ta ƙare a rana ta biyar. Babu wanda yake da irinta a unguwar. Aka yi ta kallon kogi ana jiran ya sauka, bai sauka ba, tsohon ya rasu a rana ta takwas.

Sai a rana ta goma sha ɗaya jiragen ruwan ma'aikatan agaji suka iya ƙetarowa. Wata likita ce ta fara sauka, da alama ta shirya ganin tashin hankali, don a wasu unguwannin abin da suka tarar ke nan. Ta tambayi masu gudawa nawa ne a kwance. Aka ce babu. Ta tambayi kwana nawa rabon yara da abinci. Aka ce yanzu suka sauke kwano. Ta zagaya makarantar, ta ga tukunyar ruwa, ta ga ramin shara can nesa da wurin girki, ta dawo tana girgiza kai.

"Wace ƙungiya ce ta riga mu zuwa nan?"

Mai kayan miya ta zaro wata takarda da ta sha ninki daga bakin zanenta ta miƙa mata. Likitar ta karanta gaba, ta juya ta karanta baya.

"Wa ya rubuta wannan? Ma'aikaciyar lafiya ce?"

"Kukun makaranta ce," in ji mai kayan miya, tana ɗaga kai kamar ita ta haife ta. "Uwarmu ce."

Abincin da jirgin ya kawo, mutanen unguwar suka ɗauki na jarirai da magunguna, suka ce a wuce da sauran inda aka fi buƙata.

Bayan kwana biyu Inna ta dawo a jirgin agaji, da baƙin tabarau a fuska, ɗanta na riƙe da hannunta. Labari ya riga ta isowa, bakin ruwa ya cika da jama'a. Mata na guɗa, mai aski na share hawaye da gefen riga ba ya ko ɓoyewa. Inna ta taka ƙasa, ta tsaya har hayaniyar ta lafa, sannan ta nemo hannun Amarya ta riƙe.

"Wa muka rasa?"

Aka gaya mata. Ba ta shiga gida ba, ko ruwa ba ta sha ba, ta ce a kai ta wurin matar kafinta. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta yi mata gaisuwa. Sannan ta ce, "Na rubuta gishiri, na rubuta ashana, har allurar ɗinki na rubuta. Ban rubuta maganin masu ciwo ba. Ki yafe mini, 'yar'uwa."

"Haba Inna, ke kika kawo ruwan? Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani. Amma akwai wani mai irin ciwonsa da nasa kwanan bai ƙare ba."

Likita ya hana ta karatu da rubutu har wata guda. Washegari da safe ta ɗauko littafinta da biro ta ajiye a kan keken ɗinkin Amarya.

"Yau kam hannunki nake so. Amma abin da aka faɗa kawai za ki rubuta, ban da ruwa."

Suka shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya, har da na gangare da ake ta kwashe laka. Duk inda suka shiga sai a tashi yi mata godiya, ita kuma sai ta katse da tambaya guda: "Me ya fara ƙare muku?" Amarya ta yi ta rubutawa. Sabulu. Batirin tocila. Audugar mata, wadda sai da aka kori maza daga ɗaki kafin a faɗa. Madarar jariran da uwayensu ba su da nono. Maganin hawan jini. Wani ya ce takardar da ta ce gawayi buhu ɗaya zai kai sati biyu ba ta yi lissafin tafasa ruwa ba. Inna ta ce, "Ya yi gaskiya. Ja layi a ƙarƙashi." Amarya na kallon ta ta gefen ido, tana mamakin mutumin da gari guda ke yabo, shi kuwa kurakuransa yake bi yana tsinta kamar mai tsintar tsaba.

Da idon ya warke ta ƙetara wurin likitar nan ta agaji, ta zauna a benci har aka gama ganin marasa lafiya, ta shiga da tambayoyi shafi biyu. Daga nan takarda ta goma sha takwas ta fito, ta masu ciwon da ba a rabuwa da magani: kada mutum ya bari sai ƙwayar ƙarshe kafin ya koma asibiti, ya nemi shawarar likitansa a kan abin da zai ajiye da yadda zai ajiye shi, kuma maƙwabta su san wane ne mai irin wannan ciwo a layinsu, don a fara fitar da shi in hanya ta samu. Wannan karon Tawada ya buga ɗari biyar, kuma kafin sati ya zagayo babu ko ɗaya. Daga wasu unguwanni ake zuwa nema.

A cikin masu zuwan akwai wata mai wankau, matashiya, da goyo a bayanta. Ta tsaya a tsakar gida ta ƙi zama, ta ce ita ba takarda ta zo karɓa ba, an riga an karanta mata.

"Inna, duk na ji. Amma mu shida ne a ɗaki ɗaya na haya. In mun shimfiɗa tabarma ko wurin taka ƙafa babu. Kicin ɗinmu bakin ƙofa ne. Ina zan sa jarka? Ke kina da ɗakin ajiya."

Amarya ta jira ta ji amsa, don ba ta taɓa ganin an tambayi Inna abu ta rasa ta cewa ba.

"Ban sani ba," in ji ta. "Ban taɓa gwadawa ba. A gidan naku akwai ɗakin da ba kowa?"

Akwai. Da Inna ta ce za ta kama ɗakin ta zauna, ɗanta ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce mace mai shekara kusan saba'in da gidanta da jikokinta ba za ta koma ɗakin haya mai banɗaki ɗaya na gida goma ba, me mutane za su ce da shi. Inna ta bar shi ya gama, ta ce, "Za su ce ɗan Ko-ta-kwana ne. Ɗauko mini tabarmata." Ta ari tef ɗin awon Amarya, ta ɗauki risho da tukunya biyu, ta tare.

Wata biyu ta yi a can. Amarya na kai mata ziyara duk bayan kwana biyu, kuma kullum sai ta tarar da sabon abu. Yau an ɗaga ƙafafun gado da bulo an tura kwalaben lemo cike da wake a ƙarƙashi. Gobe an kafa katako a saman ƙofa. Jibi ta tarar an sauke katakon, wai zafin kwanon rufi yana lalata mai. Matan gidan, da suka fara da kallon ta kamar mai taɓin hankali, suka koma suna shigo mata da nasu dabarun, ita kuma tana aunawa da tef tana cewa a bari a gani.

Takarda ta goma sha tara ita ce mafi gajarta a cikin duk abin da ta rubuta, ko bayan shafi ba ta kai ba. Ta ce ɗaki ɗaya mai mutum shida zai iya ɓoye abincin kwana tara da ruwan kwana uku ba tare da an rasa wurin kwanciya ba, ta faɗi inda za a sa kowane abu. A ƙasa ta sa Tawada ya ƙara layi ɗaya, cewa rabin dabarun nan na matan gidan haya ne, ita awo kawai ta yi.

Ranar da ta dawo gida, ta rame, ƙafafunta duk cizon sauro. Amarya ta dafa mata ruwan wanka, ta kawo mata abinci, ta zauna tana kallon ta tana ci. Can ta kasa daurewa ta ce, "Inna, yanzu kam sai hutu ko?"

Inna ta suɗe yatsa, ta ce mai wankau ta gaya mata akwai wasu makafi uku a bayan tasha da ba wanda yake karanta musu komai, kuma gobe da hantsi take so Amarya ta raka ta.